Kwana Arba'in da Biyar a Ƙirgen Rudy Palko

Ranar da Rudy Palko ya sayar da gidan hayarsu, ko gida bai leƙa ba. Gidan abincin Marge ya nufa kai tsaye, ya banko ƙofa da ƙafa, yana riƙe da sandar nan mai baƙar roba a kai da ake zuƙe toshewar bandaki da ita.

"Jama'a, ku kalle ta da kyau!" ya ce, ya ɗaga ta sama. "Shekara ashirin da shida ina yi wa 'yan haya bauta da wannan abar. Yau na sallame ta!"

"Rudy, fitar min da ƙazantar nan daga inda mutane ke cin ƙwai," in ji Marge mai gidan abincin.

"Na wanke ta. Rataye ta za a yi, saboda tarihi."

Kafin ta zagayo daga bayan kanta, har ya taka kujera ya maƙala ta a ƙusar da ke saman agogo.

Kowa a garin Harlan Ferry ya san Rudy, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga hatimi a ofishin ruwa na gunduma, kuma tun da ya yi ritaya babu ilimin da ya gagare shi. Shi ne likita, shi ne makaniki, shi ne mai duba yanayi. Matarsa ta daɗe da tattara kayanta ta koma Florida, ta ce ba wani abu ya yi mata ba, kunnuwanta ne suka gaji. Gidan hayar kuwa, mai sassa shida, mahaifinsu ne ya bar masa shi da ƙanwarsa Dolores, rabi da rabi. Kuɗinsa ya ninka sau uku tun lokacin, kuma ribar nan ita masu haraji suka zuba wa ido: harajin dala dubu sittin a kason Rudy, dubu sittin a na Dolores.

Earl Tibbs, tsohon direban tirela, wanda ba shi da aiki a duniya sai tsokanar Rudy, ya tura masa kujera da ƙafa. "To attajiri, yaushe za ka kai wa gwamnati nata?"

"Ko sisi!" Rudy ya bugi tebur, kofi ya yi tsalle a kofuna. "Ku matso in koya muku, kyauta. Doka ta ce in ka sayar da gidan haya ka zuba kuɗin a wata kadarar ta kasuwanci, ba ka biyan harajin riba yanzu. Sharaɗin kawai kada kuɗin ya taɓa hannunka. Yana can wurin Lauya Haskell, ita ke riƙe da amana. Cikin kwana arba'in da biyar ka rubuta mata abin da za ka saya, ka sa hannu. Shi ke nan! Yaro ma zai iya."

"Ai ɗagewa ce, ba yafewa ba," in ji Earl.

"Zan yi ta ɗagewa har in mutu. Su je su karɓa wurin mai haƙa kabari."

Gaskiya ne dokar haka take, kuma da safiyar nan Lauya Haskell ta yi ƙoƙarin karanta masa ita dalla-dalla. Ta ce shi da Dolores kowa da takardarsa, kowa da sa hannunsa. Ta ce kwana arba'in da biyar ɗin nan, ya lura da kyau, ana ƙirga su ne har da...

"'Yata," ya katse ta, yana murmushin tausayi, "ina cika takardun gwamnati tun kina rarrafe."

Baiwar Allah ta rufe fayil ɗinta, ta miƙa wa Dolores kofi guda na takardar.

Washegari Rudy ya zo da kalandar kamfanin taki, ya manna ta a bangon Marge ƙarƙashin sandar bandakin, ya zaro jan alƙalami. Ya fara sa lamba: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Da ya zo Asabar da Lahadi ya tsallake su, ya ɗora biyar a kan Litinin. Ranakun hutun ƙasa guda biyu da suka faɗo a tsakani, su ma ya yi musu alfarma ya tsallake. Lamba arba'in da biyar ta sauka a kan shida ga Agusta, ya zagaye ta sau uku.

Dolores tana zaune tana shan shayinta. Mace ce mai sanyin magana, shekara arba'in tana dafa wa 'yan makaranta abinci, mijinta ya rasu, kuma kuɗin hayar nan shi ne cefanenta. Ta sa tabarau ta dubi bangon.

"Yaya, ina Asabar da Lahadi?"

"Suna nan, suna hutawa."

"Takardar da aka ba ni ta ce har da su."

"Dolly, Dolly." Ya dafa kafaɗarta. "Shekara talatin da ɗaya ina cikin gwamnati. Kin taɓa ganin gwamnati ta san akwai Asabar? Ƙarfe biyar na Juma'a take mutuwa, sai Litinin ta farfaɗo. Ke dai ki ji da miya, ki bar min lissafi."

Aka yi dariya, har da Earl, don shi ma bai san gaskiyar zancen ba. Dolores ta ninke takardarta ta mayar cikin jaka.

Sai aka shiga neman kadara. Dolores ta fara kai shi wani ɗan gidan jan bulo mai sassa uku a bayan ɗakin karatu na gari, na wata tsohuwa mai son komawa wurin 'yarta. Rufinsa sabo, 'yan hayarsa masu biya a kan kari. Rudy ya tsaya a ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Bandaki nawa?"

"Uku," in ji tsohuwar.

"Uku! Na gudu daga shida in faɗa uku? Baba, wannan ai akurkin kaji ne. Ki nemi wani talakan."

Tsohuwa ta rufe ƙofa har gilashin taga ya yi ƙara. Dolores ta tsaya tana ba ta haƙuri ta kafar ƙofa, shi kuwa har ya tayar da mota yana danna mata oda.

Na biyu wurin wankin mota ne, irin wanda inji ke yin komai, mota ta shiga ta nan ta fita ta can. Rudy ya ce shi ba ya sayen inji sai ya saurari numfashinsa. Ya ɗauki Earl a gaba, suka shiga. Ana tsakiyar wanki ya sauke gilashi ya leƙa da kai.

"Rufe! Kai, rufe mana!" Earl ya kurma ihu.

"Yi shiru, ina jin wata 'yar ƙara a..."

Kumfa ta cika masa baki. Wani ƙaton burushi ya sauko ya shafi kansa, ya yi gaba da gashin kantin da Rudy ya yi shekara tara yana rantsuwa nasa ne na haihuwa. Suna ji suna gani gashin ya zaga sau huɗu a jikin burushi, ya ɓace. Motar da ke bayansu ta matar fasto ce. Ta fito daga wanki da abin a manne a gilashinta, ta zaci mushen ɓera ne, ta taka birki tana kiran sunan Ubangiji.

Rudy ya fito yana ɗiga, sanƙonsa yana ƙyalli a rana, ya dubi mai wurin ya ce, "Injinka ba shi da tarbiyya. Ba na saye."

Earl kuwa sai da aka ba shi ruwa, don dariya ta shaƙe shi.

Na uku jerin ɗakunan ajiya ne na ƙarfe, waɗanda mutane ke haya su zuba tarkacen da suka rasa yadda za su yi da shi. Babu bandaki ko ɗaya, abin da ya fara burge Rudy ke nan. Amma dole ya rage kuɗi, don haka ya ce ƙofofin na banza ne, kafaɗa ɗaya zai sa ya ɓalle kowace. Mai wurin ya tafi cin abincin rana, ya ce su duba a tsanake. Rudy ya shiga ɗaki mai lamba goma sha bakwai, ya ce Earl ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

"Ka tabbata, mutumina?"

"Datse, ka ƙirga uku."

Earl ya datse, ya ƙirga uku. Ya ƙirga talatin. Ana ta jin dum, dum daga ciki, sannan aka ji wata 'yar murya tana tambaya ko mabuɗin yana kusa. Mabuɗi yana aljihun mai wurin, mai wurin ya kashe wayarsa, ga zafin Yuli yana dafa kwano. Sai da 'yan kwana-kwana suka zo da jiniya suka yanke kwaɗon. Aka fito da Rudy daga shi sai gajeren wando mai zanen kifaye, yana haki. Jaridar gari ta sa hoton a shafin farko, Marge ta yanke shi ta manna kusa da kalanda.

"Gwaji ne," in ji Rudy. "Kuma ƙofar ta ci jarrabawa."

A kwanakin nan ne waya ta yi ta shigowa daga ofishin Lauya Haskell. Rudy ya dubi lambar ya kife wayar. "Lauyoyi! Kowace gaisuwa da kuɗinta." Sai ga wasiƙa mai jan tambari, har da sa hannun karɓa. Ya zo da ita gidan abinci bai buɗe ba, ya tarar teburinsu yana rawa kamar kullum, ya ninke ta huɗu ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Tebur ya tsaya cak.

"Kun gani? Yau dai lauya ta yi amfani."

Ranar da kalandarsa ta nuna talatin da ɗaya, wata Alhamis, Dolores ta shigo da rigarta ta zuwa coci.

"Yaya, a ƙirgena yau ce ranar ƙarshe. Don girman Allah taso mu je. Ka rubuta ko mene ne, ko wurin wankin motar ne."

"Saura sha huɗu, ga shi a bango da jan alƙalami."

"In ni ce na yi kuskure, me ka rasa? Minti goma ne."

"In je in nuna wa yarinyar nan ina tsoro? Ni?" Ya juya wurin Earl. "Ka ji mata fa. Tsoro kamar farar kura."

Dolores ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "To, ni zan shiga gari." Bai ko tambaye ta me za ta yi ba, don yana ba da labarin wani otal.

Otal ɗin shi ne ya tafi da imaninsa. Yana bakin tafki, ɗakuna ashirin da biyu, da allo mai wuta wanda rabin haruffansa sun mutu. Mai shi wani Dwayne ne, mai haƙorin zinariya da yawan kiran mutum "babban yaya". Earl ya yi masa lissafin cewa ɗaki ashirin da biyu bandaki ashirin da biyu ke nan, Rudy ya ce mai otal ba ya taɓa sanda, ma'aikata yake nuna wa da yatsa. Ya sauka bakin ruwa yana auna inda zai ɗaure kwalekwale, sai garken dinya da suka mayar da wurin gidansu suka taso masa da fukafukai a buɗe. Ya zaga otal ɗin sau biyu a guje, babbar cikinsu tana maƙale da bayan wandonsa, sannan ya faɗa ɗakin wanki ya turo ƙofa.

"Masu gadi kyauta!" ya faɗa ta taga. "Na saya!"

Kuɗin otal sai an haɗa kasonsa da na Dolores cif. Dwayne ya ce akwai wasu mutum biyu da ke layi, in da gaske yake ya ajiye kafin alƙalami, dala dubu ashirin da biyar, kuma in ciniki ya fashe ba a mayarwa. Rudy ya kwashe ajiyarsa ta banki ya ba shi. A hanyar dawowa ya sayi hular kyaftin ɗin jirgi, fara mai zare na zinariya, don rufe sanƙo.

Shida ga Agusta, rana ta arba'in da biyar a ƙirgen Rudy, filin ajiye motoci na Marge ya cika maƙil. An gasa naman sa, an dafa masara, ga kek mai siffar otal, ga ƙyalle daga wannan turke zuwa wancan an rubuta KO SISI. Rudy ya ɗauko masu busa na makarantar sakandare. Ya gayyato fasto da matarsa, da 'yan kwana-kwana, da mai jarida, da Dwayne. Aka fito da teburinsu waje don sa hannu. Ya aika wa Lauya Haskell katin gayyata, ta kuwa zo, da jakarta a hammata da fuskar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Ga ta nan!" Rudy ya ɗauki lasifika. "Jama'a, yau za ku ga yadda ɗan ma'aikacin ruwa ya yi wa gwamnati wayo da dokarta. Lauya, ga takarda, a ranar ƙarshe, a kan lokaci. A busa!"

Aka busa. Ya sa hannu da wani dogon lanƙwaso, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Malam Palko, mu ɗan koma gefe."

"Ba ni da sirri da mutanena. Faɗi a nan!" Ya kanga mata lasifikar a baki.

Ta yi ajiyar zuciya. Muryarta ta fita har tsallaken titi. "Wa'adinka ya cika tun sha bakwai ga Yuli. Yau kwana ashirin ke nan."

Mai babban ƙaho ya saki wani sauti shi kaɗai, ya yi shiru.

"A'a, 'yata, kin haɗa da Asabar da Lahadi ne."

"Doka ce ta haɗa. Da su, da ranakun hutu, duka. Sau goma sha ɗaya na kira ka. Na aiko maka da wasiƙa, ka sa hannu ka karɓa."

"Ban ga wata wasiƙa ba!"

"Ni na gani," in ji Earl. Ya ruga ciki da saurin da ba a san yana da shi ba, ya dawo da ita a ninke huɗu, da shaidar ƙafar tebur da ɗigon kofi. Ya warware, ya ƙwace lasifika, ya gyara murya kamar mai karatu a coci. "'Saura kwana bakwai. Don Allah ka lura, ana ƙirga Asabar da Lahadi.' Har ta ja layi biyu a ƙasa, attajiri!"

Wuri ya fashe. Matar fasto ta zauna a kan akwatin ƙanƙara tana share hawaye. 'Yan kwana-kwana suka riƙe juna. Mai jarida yana ta ɗaukar hoto, yana matsawa baya don ƙyallen KO SISI ya fito sosai a saman hular kyaftin.

Lauya Haskell ta zaro cek daga jaka. "Ga kasonka, ba ni da hurumin ci gaba da riƙe shi. Ka ware dubu sittin na haraji."

Rudy ya ɓoye hannuwansa a baya ya ja da baya. "Kada ya taɓa ni! In ya taɓa ni shi ke nan!"

"Ai tuni shi ke nan," ta ce, ta soka masa shi a aljihun riga.

Dwayne ya matso, haƙorin zinariya a waje. "Babban yaya, cinikinmu fa?"

"Yana nan! Dolly, kawo naki kason, mu ƙarasa da bashin banki..."

"Ba ni da kaso, Yaya," in ji Dolores. Tana tsaye da farantin masara a hannu. "Ranar Alhamis ɗin nan da na ce zan shiga gari, na rubuta nawa na sa hannu. Gidan jan bulon nan na saya. Jiya aka ba ni mabuɗai."

"Akurkin kajin?"

"Shi. Sai da na kai wa tsohuwar kek sau biyu kafin ta huce da maganarka."

Dwayne ya ɗaga hularsa ya yi wa jama'a sallama, ya ɗauki yankan kek mafi girma, ya shiga motarsa da dubu ashirin da biyar ɗin Rudy. Rudy ya bi motar da kallo. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ya cire hular kyaftin ya zauna a bakin tebur, tebur kuwa da babu wasiƙa a ƙafarsa ya karkata, sauran otal ɗin kek ya zame ya kife masa a cinya.

Washegari da safe ya shigo gidan abinci a hankali, ya rufe ƙofa da hannu. Kalanda tana nan, Marge ta ce ko nawa za a ba ta ba za ta cire ba. Earl ya buɗe baki, Marge ta nuna shi da cokali, ya rufe. Dolores tana zaune a teburin, ta riga ta saya masa fanke da ƙwai biyu.

"Ranar nan kuka na yi ta yi a mota har ofishin lauya," ta ce. "Ban ji daɗin tafiya ba kai ba."

"Kin faɗa min," ya ce, yana kallon faranti. "Sau biyu."

"Ci abincinka. Ina neman mai kula da gida, kuma ban san wanda ya fi ka iya aikin ba. Zan biya ka, ka rage zafin harajin. Na sashe na biyu ya kira ni tun asuba, wai bandakinsu ya toshe."

Ta tashi, ta taka kujera da tsufanta, ta sauko da sandar daga saman agogo, ta hure ƙurar da ke kan robar, ta jingina masa ita a gwiwa. Rudy ya dube ta, ya dubi sandar. Ya riƙe ta a inda hannunsa ya saba, inda katakon ya yi santsi.

"To," ya ce, ya ɗan gyara zama, murya ta fara dawowa. "Amma bisa tsari. Litinin zuwa Juma'a."

Dolores ta ɗauki jakarta.

"Har Asabar da Lahadi, Yaya. Ni ina ƙirga su."